Shawara: Yamma Huɗu a Mako Ina Coci, Amma Na Manta Rabona da Addu'a

Tambaya:

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni magidanci ne, shekaruna 38, ina da mata da 'ya'ya uku. Ina aiki Litinin zuwa Asabar, kamar sau biyu a wata kuma akan kira ni ran Lahadi. Ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ni ne sakataren zumuntar maza, kwanan nan kuma aka sa ni a kwamitin gini, don haka yamma huɗu a mako ina coci. Duk wanda ya gan ni cewa yake ga mai himma, amma ni na san halin da nake ciki. Na fi wata biyar ban buɗe Littafi Mai Tsarki ni kaɗai ba. In na durƙusa da dare, barci ke kwashe ni kafin in kai Amin. Sau uku ina yi wa Allah alkawarin tashi ƙarfe huɗu na asuba in yi awa guda, ban taɓa wuce kwana uku ba. Matata ta ce yara ƙeyata kawai suke gani. Ga bashi a kaina, zakka ma wani watan in bayar, wani watan in kasa. Kullum ina jin wa'azi cewa a sa Allah farko, har na fara tunanin ajiye aikin nan. Ta yaya ake yin sa alhali rana awa 24 ce kawai?

Wani ɗan'uwa

Amsa:

Ɗan'uwa, salama a gare ka.

Mu fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka ajiye aikinka. In ka ajiye shi yau, awannin da za ka samu hanyar na yanzu za su bi. Kafin wata ya ƙare an ƙara maka wani kwamitin tunda yanzu kana da sarari, bashin kuma ya haihu. Wanda tunanin abin da yara za su ci gobe ya cika masa kai ba ya fin mai aiki natsuwa a addu'a. Ba ƙarancin lokaci ke damunka ba, tsarin ne ya kife. Tun safe kowa na ɗibar rabonsa daga ƙarfinka, abin da ya rage a gindin tukunya ƙarfe goma sha ɗaya na dare shi kake kai wa Ubangiji, sa'an nan kana mamakin barci.

Kalmar nan "farko" da kake ji a wa'azi daga Matiyu 6:33 take, kuma ya kamata a karanta ta tun daga aya ta 25. Abubuwan da Yesu ya sa a sahu na biyu a wurin ba zunubai ba ne. Ci ne da sha da sutura, ya kuma faɗa a fili cewa Uba ya san muna bukatarsu. Bai ce wanda ya fi kowa yawan awanni a ibada shi ne ya cika umarnin ba. Bulus ya tuna wa Tasalonikawa cewa dare da rana yake aiki don kada ya nauyaya wa kowa (1 Tasalonikawa 2:9). Daniyel ɗaya ne daga cikin manya uku da Sarki Dariyus ya ɗora a kan hakimai 120, ba mai zaman banza ba ne, amma sau uku a rana yake durƙusawa, kuma Daniyel 6:10 ta ce haka ya saba yi tun kafin a kafa dokar da ta hana. Abin farko kamar turke yake: shi ake fara kafawa, sauran abubuwa su yi ta kewaya shi iya tsawon igiya. In kana so ka san turken mutum, ka duba ranar da abu biyu suka yi karo, wanne ne ke gusawa. A makonka aiki ba ya gusawa, koyon waƙa ba ya gusawa, zaman kwamiti ba ya gusawa. Addu'arka ce kullum take matsawa, domin ita kaɗai ce ba ta da shugaban da zai bugo waya ya ce me ya hana ka zuwa.

Ga magana mai ɗan ɗaci, ka yi mana haƙuri. Hidimar coci da zumunci da Allah ba abu ɗaya ba ne, ko da yake sau da yawa a tare ake ganinsu. Marta ba wa baƙon banza take yi wa hidima ba, Yesu kansa take yi wa, duk da haka ya ce mata tana damuwa da abubuwa da yawa alhali abu ɗaya ake bukata (Luka 10:38-42). A Markus 7:9-13 kuma ya tsawata wa masu cewa abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah. Yammacinka huɗu sun kusa zama irin wannan keɓewar. Haƙƙin matarka da yaranka ne ake kai wa coci da sunan Allah, shi kuma bai ce a yi haka ba. Abin da ya sa tarkon nan yake kama masu himma shi ne yana biya nan take: ana ganinka, ana kiran sunanka a sanarwa, ana cewa in ba kai ba abin ba ya tafiya. Addu'ar ɗaki da aka rufe ƙofa, irin ta Matiyu 6:6, babu mai tafa mata.

Kafin ka sake yin wani alkawari, ka ɗauki mako guda kana rubuta inda lokacinka yake tafiya. Mako awa 168 ne. Ka ja layi bakwai a takarda, kowane dare ka cika na ranar: barci nawa, aiki nawa, hanya nawa, coci nawa, gida nawa. Kada ka yi ƙiyasin na waya da ka, ka buɗe wurin da wayar take nuna awannin da aka yi a kanta ka kwafe lambar yadda take. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya tsaya a ciki lokacin da ake ruwa. Abin da za mu nemi ka keɓe bai wuce minti 20 da safe da minti 10 da yamma ba, wato awa uku da rabi a mako. Da wuya takardar nan ta kasa nuna maka inda za su fito.

Sai batun ƙarfe huɗu na asuba. Ba Shaiɗan ne kaɗai ya kayar da kai sau uku ba, lissafi ne. Mutumin da ya dawo daga coci ƙarfe tara da rabi, ya ci abinci, ya kwanta da waya a hannu har sha biyu, in ya tashi huɗu barcin awa huɗu ya yi. Babba yana bukatar aƙalla awa bakwai. Kwana biyu jiki zai ba ka rance, a na uku ya karɓi abinsa, ko a gado ko a durƙushe. Don haka addu'ar asuba tun dare ake gina ta. Ka duba lokacin da dole ka fara shirin fita, ka ja baya da minti 25, lokacin tashinka ke nan. Daga nan ka ƙirga awa bakwai baya, lokacin kwanciyarka ke nan, kuma shi za ka fi tsarewa. In shirin fita ƙarfe shida ne, tashi 5:35, kwanciya 10:35. Zabura 127:2 ta ce banza ne a yi ta sammako ana kwanciya a makare ana cin abincin wahala. Da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, Allah bai fara da yi masa wa'azi ba, barinsa ya yi ya yi barci, aka ciyar da shi sau biyu (1 Sarakuna 19:5-8). Ka kuma daina rantse wa Allah da awa guda. Mai-Wa'azi 5:5 ta ce gara kada a yi wa'adi da a yi a kasa cikawa. Ka roƙi gafara a kan ukun da suka wuce sau ɗaya, ka bar su a nan.

Wayar kada ta kwana kusa da kai. Ka san yadda abin yake faruwa: ƙararrawa ta kaɗa, ka miƙa hannu cikin duhu don ka kashe ta, hasken ya daki idonka, ga saƙo goma sha biyu a WhatsApp na zumuntar maza, ka ce bari in duba ɗaya. Kafin ka ɗago gari ya waye, matarka na tashin yara, Littafin kuma yana cikin jaka da takardar sanarwar Lahadin da ta wuce a tsakiyarsa. Ka nemi ƙaramin agogo mai ƙararrawa, wayar ka sa ta caji a wani ɗaki. Tun dare ka ajiye Littafi na takarda a buɗe a inda za ka karanta, da biro da ɗan littafin rubutu, a kan kujerar da za ka zauna. Mai magagin barci ba ya iya zaɓe, abin da ya tarar a gabansa shi yake yi. Ka wanke fuska, ka zauna a miƙe ko ka tsaya. Durƙuso da goshi a kan katifa, ga mai gajiya, kwanciya ce da wani suna.

Minti ashirin ɗin ga yadda za ka raba su. Biyu na farko ka karanta 'yan ayoyi daga Zabura da murya ƙasa-ƙasa, don hankalinka ya dawo wuri ɗaya. Takwas na gaba sura ɗaya, ita ma da murya, domin wanda bakinsa ke motsi barci ba ya saurin sace shi. Sa'an nan minti uku ka rubuta layi biyu kawai: me wannan wuri ya nuna game da Allah, kuma mene ne abu ɗaya da zan yi ko zan bari yau saboda shi. Ba "zan ƙara ƙauna" ba, wannan ba ya kamuwa. Irin "zan kira wanda nake gudun wayarsa saboda kuɗinsa" muke nufi. Bakwai na ƙarshe addu'a. In ka rasa ta inda za ka fara, ka bi Addu'ar Ubangiji gaɓa-gaɓa, kana tsayawa a kowace ka cika ta da naka: sunansa da mulkinsa da nufinsa tukuna, sa'an nan abincin yini, gafara, da tsari daga gwaji. Ka lura, tsarin Matiyu 6:33 ne a cikinta tun kafin a kai ayar. Tunanin kuɗin makaranta ko wani aikin ofis zai faɗo maka a tsakiya, babu makawa. Kada ka yi kokawa da shi. Ka rubuta shi a gefen takarda da kalma biyu, ka ci gaba, in ya matsa ka mayar da shi abin addu'a.

A kan abin karantawa, kada ka fara daga Farawa da niyyar gamawa a shekara. Littattafai 66 ɗin sura 1,189 ne, gama su a shekara na bukatar sura uku zuwa huɗu kullum. Masu farawa da zafi sukan yi gudu cikin labaran Ibrahim da Yusufu da Musa, su iso Fitowa 25 inda ake ba da awon alfarwa, su ja ƙafa zuwa Littafin Firistoci, a nan su rasa kwana huɗu, su ga bashin sura goma sha biyu, su rufe. Ka fara da Markus, sura 16 ce kuma labarin ba ya tsayawa. Daga nan ka ci gaba da Sabon Alkawari. Sura 260 ce, in ka karanta ɗaya a rana kwana biyar a mako, mako 52 cif ka gama. Kwana biyun da suka rage a kowane mako su ne sararin numfashinka. Ranar da ka tsallake, kada ka rama, ka ɗora daga inda ka tsaya. Ramuwa ce take kashe yawancin masu karatu, domin takan mayar da abinci ya zama bashi. Abin da za ka tsare shi ne kada tsallake ya kai kwana biyu a jere. Buɗe Littafi da ka a ɗora yatsa a inda ya faɗa, da dogaro ga ayar da ake turowa da hoton furanni kowace safiya, ba sa gina mutum. Wasiƙun Bulus wasiƙu ne, ba a rubuta su da lambobin aya ba ma, sai a shekarar 1551 aka fara buga Sabon Alkawari da rabon ayoyin da muka sani. Wanda yake tsintar aya ɗaya nan ɗaya can, yakan sa ta faɗi abin da bai shiga kan marubucinta ba.

In safiya ba ta yiwuwa gaba ɗaya, misali ga mai aikin dare, babu doka. Yesu ya tashi da asuba tun da sauran duhu (Markus 1:35), wani lokacin kuma da dare ya hau dutse. Abin nema shi ne lokacin da kanka yake a sake kuma ba wanda ya riga ya mallake shi. Da rana ma akwai ƙananan turaka. Wani tsohon littafin koyarwa na ikilisiyar farko da ake kira Didake ya umurci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku a rana, ga shi ba ta cin minti ɗaya. Ka ɗaura ta a jikin abin da kake yi dole: kafin ka shiga wurin aiki, lokacin hutun rana, da kafin ka buɗe ƙofar gida da yamma. Ta ƙarshen nan tana da amfani na musamman, domin takan hana mutum shiga wa iyalinsa da fushin da ya kwaso a waje.

Yanzu yammacin nan huɗu. Ka mayar da su biyu, taura biyu ma ba ta taunuwa balle uku. Ka riƙe hidima ɗaya, wadda baiwarka take ciki kuma kake fitowa daga cikinta da rai, ka ƙara da taron nazarin Littafi ko na addu'a in akwai. Kwamitin gini shi ne sabo, shi ya fi sauƙin saki. Yadda za ka sauka yana da muhimmanci ƙwarai. Kada ka ɓace, kada kuma ka tura saƙo a rukunin waya. Ka nemi ganin fasto ido da ido, ka faɗa masa abin da ka faɗa mana ba ragi: wata biyar ban karanta Maganar Allah ba, gidana na kuka, ina so in sauke abu biyu. Ka ba da wa'adin wata ɗaya ko biyu, ka kawo sunan wanda za ka koya wa aikin, ka miƙa littattafan zumunta da lissafinsu a kammale. Makiyayin kirki zai yi murna, domin ya san 1 Timoti 3:5, inda aka tambaya yadda wanda bai iya kula da gidansa ba zai kula da ikilisiyar Allah. Za a sami masu cewa ka yi sanyi, ko ka ja da baya. Ka amsa sau ɗaya da ladabi, kada ka yi ta kare kanka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Surukin Musa ya gan shi zaune yana shari'a daga safe har yamma, ya ce masa abin nan ba daidai ba ne, zai gajiyar da kansa da jama'ar duka, ya naɗa shugabanni na dubu da na ɗari da na hamsin da na goma (Fitowa 18). Manzanni ma sun miƙa rabon abinci ga mutum bakwai don su lizimci addu'a da hidimar Magana (Ayyukan Manzanni 6). Sau da yawa mutum ɗaya mai riƙe kujera uku shi ne dalilin da ya sa mutum biyu suke zaune a baya ba abin yi.

Yamma biyun da ka ƙwato na gida ne, kada ka bari aiki ko waya su gaje su. Kafin ka kawo wani sabon tsari, ka fara ba matarka haƙuri, ba tare da "amma ai aikin Allah nake yi" ba. Ka tambaye ta waɗanne ranaku ta fi bukatarka. Wannan ba rarrashi ba ne kawai: 1 Bitrus 3:7 ta haɗa yadda miji yake zama da matarsa da ko addu'arsa za ta sami hanya ko za ta toshe. Addu'ar iyali kuma minti goma ta isa, a lokacin da kowa yake a farke, kamar bayan cin abincin dare kafin a watse. Labari ɗaya daga Luka, babban yaron ya karanta in ya iya, tambaya ɗaya, baiti ɗaya na waƙa, kowa ya yi addu'ar jimla guda har ƙaramin. Abubuwa uku ke kashe ta. Uba ya mayar da ita mumbari ya yi minti arba'in. Ko ya mayar da ita kotu, inda ake tono laifin da yaro ya yi da rana a fake da aya. Ko a ce sai kowa ya hallara, alhali kullum akwai wanda ba ya nan. A yi da waɗanda suke nan, ranar da kake coci matarka ta ja. Maimaitawar Shari'a 6:7 ma ba zama na musamman kaɗai ta ambata ba, ta ce a zaune a gida, da tafiya a hanya, da kwanciya, da tashi. Rakiyar yaro makaranta na ciki.

Aikinka ba abokin gābar ibadarka ba ne. Kolosiyawa 3:23, wadda ta ce a yi kowane aiki da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji, bayi aka fara rubuta wa, mutanen da ba su da ikon zaɓen lokacinsu ko kaɗan. Sa Allah farko a wurin aiki yana fitowa ne a lissafin da ba a murɗe ba, da zuwa a kan lokaci, da ƙin sa hannu a takardar ƙarya ko da za a ji haushinka. Karatun Littafi a lokacin da ake biyanka don ka yi aiki ba ibada ba ce. Game da Lahadi, ka sani masu bi na ƙarni uku na farko ba su da hutun Lahadi. Sai a shekarar 321 Sarki Kwanstantin ya mayar da ita ranar hutu a daular Roma. Wajen shekarar 112, Filini gwamnan Bitiniya ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa Kirista sukan taru a wata ƙayyadaddiyar rana tun kafin gari ya waye. Ba su bar taruwa ba, lokacin suka nema. Kai ma ka je wurin shugabanka tun kafin a fitar da jadawalin wata, ba ranar Asabar da dare ba. Ka roƙi a rage zuwa Lahadi ɗaya, ko a bar maka safiya ka shigo da rana, ka kuma miƙa wani abu a madadi, kamar ranar hutun da wasu ba sa son ɗauka. In bai yiwu ba, ka halarci sujadar farko ko ta yamma, kada dai mako biyu su wuce ba ka zauna cikin jama'ar Allah ba (Ibraniyawa 10:25). Lokacin da za a yi maganar barin aiki shi ne in aikin kansa yana tilasta maka zunubi, ko ya raba ka da taron masu bi wata da watanni ba mafita. Ko a nan ma, a sami wani kafin a saki wannan, sai dai in zunubin ne ba ya jira.

Kuɗi kuma tsari ɗaya ne da lokaci: abin da aka bari sai ƙarshen wata ba ya samun komai. Ikilisiyoyi sun bambanta a kan ko kashi ɗaya cikin goma doka ce a kan Kirista ko ma'auni ne mai kyau, ka zauna da fastonka a kan wannan. Abin da yake a fili shi ne a keɓe tun da fari gwargwadon samu (1 Korintiyawa 16:2), a bayar yadda aka yi niyya a zuciya ba da tilas ba (2 Korintiyawa 9:7), kuma mugu ne yake cin bashi ya ƙi biya (Zabura 37:21). Ranar da albashi ya shigo, kafin a taɓa ko kwabo, ku zauna da matarka ku rubuta uku: na Allah, na mai bin bashi, na gida. A ganinmu, ƙaramin kaso da ake bayarwa kowane wata ba fashi, ana ƙara shi yayin da bashi ke raguwa, ya fi cikakkiyar zakka wata ɗaya a yi shiru wata biyu. Kada ka ci bashi don ka yi baiko. Kada kuma ka yi alkawarin gudummawar gini a gaban jama'a don kada a ce ɗan kwamiti bai yi ba. Abin da ya kashe Hananiya da Safiratu ba ƙanƙantar abin da suka kawo ba ne, Bitrus ya ce kuɗin a hannunsu yake, ƙaryar da suka lulluɓe shi da ita ce.

Makonni biyu ko uku na farko mai yiwuwa ba za ka ji komai ba. Za ka karanta sura ka rufe, zuciya kamar busasshen itace. Wannan ba alamar an ƙi ka ba ce, kuma ba dalilin dainawa ba ne, mutumin da ya daɗe bai yi magana da wani ba yakan ɗan yi kame-kame kafin hira ta kama. Ba minti ashirin ɗin ne suke sayo maka karɓuwa a wurin Allah ba, Almasihu ya riga ya gama wannan, don haka ranar da ka makara ba ranar ɓuya ba ce. Amma in bushewar ta ƙi wucewa, ka bincika abu biyu. Na ɗaya, ko akwai zunubin da kake ɓoyewa ko wanda ka ƙi yafe wa, domin mutum ba ya son zama shi kaɗai da wanda yake ɓoye wa abu. Na biyu jikinka. In kana samun awa bakwai amma gajiya ba ta sake ka ba, ko ka fi mako biyu ba abin da yake maka daɗi, ko matarka ta ce kana minshari har numfashi na ɗaukewa, ka ga likita. Ba kowane barci a addu'a ne matsalar ruhaniya ba.

Ka sami ɗan'uwa ɗaya natsattse, ba rukuni ba, ka ba shi izinin tambayarka kowace Lahadi bayan sujada: kwana nawa ka karanta, ƙarfe nawa kake kwanciya, yamma nawa ka yi a gida. Ka ba shi lamba, kada ka ce "muna dai ƙoƙari". Bayan mako shida ka sake jan layi bakwai ɗin nan a sabuwar takarda ka ajiye ta kusa da ta farko, sa'an nan ka miƙa wa matarka su biyun ta faɗi nata. In a tsakanin nan aka zo maka da wata sabuwar hidima, kuma za a zo, amsarka ita ce za ka yi addu'a ka kuma yi shawara da gida, a ba ka mako guda.